Ranar da Rediyon Babana Ya Biya Kuɗin Mota

Shekarun baya, lokacin da kuɗin man fetur ya fara yawo a ƙasar nan har kowa ya ɗauka gobe shi ma zai sayi babur, ina saurayi ɗan shekara goma sha wani abu a wani ƙauye tsakanin Faskari da Yankara. Shan inna ta kama ni tun ina rarrafe. Ta tafi da ƙafafuna biyu, ta bar mini hannuwa da baki. Mahaifiyata takan ce da ta san abin da bakin nan zai zama, da ta roƙi a yi musanya.

Kawuna maƙeri ne, shi ya haɗa mini keke mai ƙafa uku daga gawar kekuna biyu, irin wanda ake tuƙawa da hannu. In na sako shi a gangaren rafi, kajin ƙauyenmu sukan tashi sama kamar tattabaru. Na tabbata har yau jikokinsu suna ba da labarina.

Ban da gudu, abin da na iya shi ne kwance abu. Tocila, kwaɗo, fitila, agogo, duk abin da ke da noti a jikinsa ba ya kwana lafiya in na gan shi. Wajen mayarwa ne dai ake ɗan samun saɓani, don kullum sai noti biyu ko uku sun rage mini a hannu, ni kuwa in ce masu ƙera abin ne suka yi almubazzaranci.

A shekarun nan rediyo ya cika gari. Duk wanda ya sayar da gyaɗa ko auduga sai ya dawo da nasa a kafaɗa. To akwai wani mai gyaran rediyo a Kankara, tsohon abokin kawuna, aiki ya yi masa yawa, yana neman yaro guda. Bencin shagonsa mutum ɗaya kawai zai ƙara ɗauka. Ya aiko wa kawuna cewa in zo ranar kasuwa da safe ya ga hannuna, kuma kada in wuce ƙarshen wata, don akwai wani mutum da ke ta yi masa zarya da ɗansa. Ni kuwa na san in bencin nan ya kuɓuce mini, abin da mutane suka daɗe suna tsara mini shi ne zama a ƙofar masallaci da ƙoƙo. Babu wanda ya taɓa faɗa mini haka a fuska, amma ina ganin sa a idanunsu.

Da a ce shekara biyu kafin nan ne, da zuwa Kankara ba wani abu ba ne. Akwai wata tsohuwar motar kaya, irin wadda ake ce wa roka, da take tasowa daga wajen Sabuwa da buhunan hatsi, ta bi ƙauye-ƙauye, ta tsaya har gindin tsamiyar garinmu. Babu kujera a cikinta. Mai ƙafa da gurgu, mai kuɗi da talaka, kowa buhu ne mazauninsa, akuya kuma maƙwabciyarsa. Sai aka zuba kwalta a babbar hanya. Roka ta samu aikin ɗaukar siminti ta manta da mu. Aka kawo ƙananan bas masu kujerun soso, su kuma sun rantse tayarsu ba za ta taɓa ƙasa ba. Mai son tafiya sai ya fita mararraba ya jira a bakin kwalta, kuɗin mota kuma ya ninka, wai saboda soso.

Akwai wata ƙa'ida ta direbobin yankinmu da ta girme ni: ba a karɓar kuɗin mota a hannun gurgu ko makaho. Sadakar mota ce. Sun yi imani motar da ta ci kuɗin miskini ba ta gamawa lafiya. A zamanin roka ƙa'idar nan alheri ce zalla, don buhu ba ya ƙarewa. Amma bas kujerunta ƙidayayyu ne, mai motar kuma yana gida yana jiran kuɗin kowace ɗaya. Sai ƙa'idar ta samu wutsiya: ɗan sadaka zai shiga, amma sai masu biya sun gama shiga, in wuri ya rage. Ranar kasuwar Kankara kuwa ko sauro ba ya samun wurin da ya rage.

Ban san da wutsiyar nan ba sai da na je.

Ranar kasuwa ta farko abokina ya tura ni cikin yashi har mararraba. Wannan abokin nawa dogo ne, ba ya son magana, ni nake yi mana mu biyu. Bas ɗin da ke isa Kankara da wuri guda ce, shuɗiya, tana tasowa daga Yankara. Direbanta matashi ne mai baƙin tabarau da wando mai faɗin ƙafa da zai ishi mutum uku ɗinkin salla. Da ta tsaya na matsa, na miƙa kuɗina kamar kowa.

Kwandasta ya ce, “Bawan Allah, dakata tukuna, in wuri ya rage.”

Na ce, “Ai ba sadaka na zo nema ba. Ga kuɗina.”

Direba ya leƙo ta taga kamar na miƙa masa maciji. “Subhanallahi! Mai da abin ga aljihu. So kake in kife da bayin Allah?”

Na ce, “Malam direba, kuɗin nan ba su san ni gurgu ba ne. Tambaye su ka ji.”

Fasinjoji suka yi dariya, shi ma ya yi. Suka gama dariyarsu, suka cika mota, suka tafi. Duk motar da ta zo bayanta haka. Kowa ya yi mini addu'a, kowa ya bar ni a wurin. Abin da ya fi ƙona mini rai, masu wucewa da suka gan ni zaune a bakin hanya sai suka riƙa jefa mini kwabo a cinya. Ina cewa “Baba, mota nake jira,” suna cewa “Allah ya kawo ta.” Na fita da kuɗin mota don in biya, na koma gida bayan azahar da fiye da abin da na fita da shi. A hanya na yi ta ba abokina dariya cewa na gano sana'ar da ta fi gyaran rediyo. Da na shiga gida na zube kwabban a gaban mahaifiyata, ita ba ta yi dariya ba. Ta kwashe su ta bai wa yaran maƙwabta, ta ce in je in ci tuwo.

Kasuwa ta biyu muka yi dabara. Na ɓuya da kekena a bayan rumfar mai rake, abokina ya je ya biya kuɗin mutum biyu, ya ce shi da yayansa. Kwandasta ya karɓa, ya ce yayan ya yi sauri. Sai ga yaya ya fito daga bayan rake yana tuƙi da hannu, yana gaishe da jama'a kamar sabon hakimi.

Direba ya fito daga mota da kansa. Ya karɓi kuɗin daga hannun kwandasta ya danƙa wa abokina, sannan ya durƙusa a gabana har gwiwar wandon nan ta taɓa ƙasa.

Ya ce, “Ɗan'uwa, kar ka ɗauka wulaƙanci ne. Ranar da aka ba ni makullin motar ga, tsohuwata ta riƙe hannuna ta ce duk randa na ci kuɗin miskini ba ta yafe ba. In kuma na ba ka kujera kyauta ranar kasuwa, mai mota ya karɓe makullinsa. Ka faɗa mini, mi zan yi?”

Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. To mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa ne ya zaunar da ni a bakin hanya.

Ina nan zaune sai ga wani ɗan kasuwa ya iso da sabon rediyo mai cin kaset, ƙato, an lulluɓe shi da leshi. Kwandasta ya kai hannu zai ɗora shi a saman mota, mutumin ya daka masa tsawa, ya ce rediyonsa ba ya hawa sama da buhuna. Ya biya kuɗin kujera biyu. Aka zaunar da rediyo a kujerar da aka hana ni, kusa da taga. Mota ta tashi, ina kallon sa yana kallona.

Da na koma gida na tarar da mahaifiyata tana tankaɗe. Na ba ta labari da ƙari, yadda na saba. Na ce rediyon ya leƙo ta taga ya yi mini gwalo, ya ce in gaida mutanen gida. Na ce har kwandasta ya tambaye shi ko iska ta yi masa yawa. Ina yi ne don kada ta ga abin da ke raina, don saura kasuwa ɗaya wata ya ƙare.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, “Nawa aka karɓa na rediyon?”

Na ce, “Kuɗin mutum guda, Inna.”

Ta ci gaba da kaɗa rariya. Can ta ce, “To ai mu ma muna da rediyo.”

Muna da shi kuwa. Rediyon mahaifina, mai rigar fata, wanda ya yi shiru tun farkon damina. Shirun bai rage masa daraja ba. Kullum da yamma mahaifina yakan fito da shi ƙofar gida ya ajiye a gefen tabarma, ya ɗaga eriya, su zauna su biyu babu mai ce wa wani uffan. Ni kuwa an haramta mini ko inuwarsa in taka.

Da mahaifiyata ta kai masa maganar, ina jin su daga zaure.

“Rediyon nawa? A hannun wanga yaro? Yaron da ya taɓa agogona sau ɗaya, har yau ƙarfe huɗu ne a gidan ga?”

“Malam, rediyon da bai ce komai ba tun shuka, mi ya rage a ɓata a jikinsa?”

“Hutawa yake.”

“To ya huta a kujerar soso. Kai ka taɓa zama a kanta?”

Daga baya ya fito da rediyon a rungume, ya miƙo mini kamar mai ba da jariri, ya ce sharaɗi ɗaya: kada in buɗe shi a hanya. Mahaifiyata ta ɗauko ɗankwalinta na zuwa biki ta yafa masa, ta ce ba za a ga na wani da leshi a ga namu tsirara ba.

Ranar kasuwa ta ƙarshe abokina ya riga ni isa bakin kwalta da rediyo a ka. Shuɗiyar bas na tsayawa ya ce kujera ɗaya, ta rediyo, kusa da ƙofa. Kwandasta ya karɓi kuɗi, ya kakkaɓe soso, ya zaunar da baƙo. Sai da na ga kuɗin sun shige aljihunsa sannan na gangaro.

Direba na hango ni ya dafe kai. “Ɗan'uwa, don girman Allah, yau ma?”

Na ce, “A'a, Malam direba, yau ba tafiyata ba ce. Rakiya na zo. Wancan rediyon Babana ne, bai taɓa fita shi kaɗai ba, an ce in riƙe shi a cinya kada ya ji tsoro.”

Ya cire tabarau. Ranar na fara ganin idanunsa, ashe ƙanana ne.

Na ce, “Kuɗin wa kuka karɓa?”

Kwandasta ya ce, “Na rediyo.”

“Rediyo gurgu ne?”

Kwandastan nan shaiɗani ne irina. Ya kai hannu ya murɗa rediyon, shiru. Ya ƙara murɗawa, ya jijjiga shi, ya kara a kunne. Ya ce, “Oga, gurgu dai ba gurgu ba ne, amma bebe ne. Shi ma ɗan sadaka ne, a mai da masu kuɗinsu.”

Mota ta kwashe da dariya, ni kuwa na ga direba ya fara tunanin maganar da gaske. Na ce barci yake, daren jiya ya kwana yana karanta labarai. Ba wanda ya saurare ni. Wani ya ce a sauke rediyon a ba shi kujerar, ga kuɗinsa a hannu. Wani ya ce rana tana yi. Abokina, wanda ba ya magana, ya tsaya a bakin ƙofar mota ya riƙe ta da hannu biyu, ya ƙi matsawa.

Wata tsohuwa ce ta raba gardamar, wadda ta ji maganar direba da tsohuwarsa tun kasuwar da ta wuce. Tana zaune a baya da ƙwaryar man shanu a cinya, ga alama ta gaji da mu duka.

Ta ce, “Kai direba, saurara, ɗan nan. Kujerar ga ta rediyo ce, an biya, mai mota ya samu nasa. Mai kujera in ya ga dama ya zauna a cinyar wani, ina ruwanka? Yaron kuma ka ɗauke shi sadaka, yadda uwarka ta ce. Ka cika maganar uwa, ka cika ta ubangida. Mi kake jira, man shanuna ya narke?”

Direba ya dubi rediyo, ya dube ni, ya dubi sama. Sannan ya juya ga fasinjoji ya ɗaga yatsa.

“Ni dai ku shaida, ban karɓi ko kwabon yaron ga ba.”

Mota gaba ɗaya ta ce, “Mun shaida!”

Kwandasta ya naɗe hannun riga ya nufo ni zai sungume ni kamar buhun dawa. Na ce ya riƙe mai kujera tukuna. Na kama ƙarfen ƙofa, na ja jikina sama, na faɗa kan soso da kaina. Hannun da ya yi shekaru yana tuƙa keke a cikin yashi, matakalar bas ba ta isa ta ba shi kunya ba. Aka ɗora mini rediyo a cinya.

Kwandasta ya nuna kekena. “Oga, wannan fa? Kuɗin kaya.”

Direba ya mai da tabarau ya ce, “Ƙafafunsa ne. Ka taɓa karɓar kuɗin ƙafar wani? Ɗaure shi a sama.”

Abokina bai bi mu ba, kuɗin kujera ɗaya muke da shi, zuwa da dawowa. Na hango shi ta taga yana tsaye a mararraba, yana ɗaga dogon hannun nan har muka sha kwana.

Soso kuwa, jama'a, ba ƙarya ba ne. Na zauna kamar wanda aka naɗa.

Na isa shagon da sauran safiya. Mai gyaran rediyo dattijo ne mai gajeren gemu, ba ya ɓata magana. Ya ce ina na tsaya tun farkon wata, na ce mota. Ya ce da yau ma ban zo ba, da la'asar zai ba wancan yaron benci. Ya dubi abin da ke cinyata ya ce, “Wannan fa?” Na ce fasinja ne, ba shi da lafiya. Ya turo mini sukudireba ya ce in duba shi.

Baba ya ce kada in buɗe a hanya, ai kuwa shago ba hanya ba ne. Na cire hulata na ajiye ta a cinya bakinta sama, duk notin da na kwance na sa a ciki. Da murfin ya buɗe sai ga gidan zanzaro, ginin laka mai ɗaki uku, a manne da wayoyi. Tsohon batir kuma ya zubar da ruwa ya ci ƙarfen da yake zama a kai, waya ɗaya ta tsinke. Na rushe wa zanzaro gida a hankali, na kankare tsatsa, dattijon ya nuna mini yadda ake ɗiga dalma sau ɗaya, na ɗiga. Muka sa sabon batir. Rediyo ya yi tari, ya yi kaki, sai ga kalangu ya cika shago.

Dattijon bai ce madalla ba. Ya jira na mayar da murfi na ɗaure, sannan ya ce, “Miƙo hular.” Ya leƙa ciki, ya girgiza ta. Babu noti ko ɗaya. Ni kaina sai da na sake leƙawa, don ban taɓa ganin haka ba. Ya tura wani akwati da ƙafa daga ƙarshen benci ya ce, “Nan ne wurinka. Akwai ɗaki a bayan shago, ka zo da tabarmarka.”

Da yamma shuɗiyar bas ce ta mai da mu. Rediyo ya sake biya, kuma tunda yanzu yana da baki, bai rufe shi ba har mararraba. Wani ya ce a rage sauti, direba ya ce fasinjan da ya biya kuɗinsa yana da ikon magana. Mahaifina kuwa ya shekara yana gaya wa mutane cewa rediyonsa ya je Kankara a kujera, ya dawo a kujera. Ni ba a cika sa ni a labarin ba.

Abin bai tsaya a kaina ba. Wata makauniya mai sayar da daddawa ta ji labari, ta fara biya wa kwandonta. Wani gurgu mai ɗinkin hula ya riƙa biya wa jakarsa. Har ta kai in direban nan ya tsaya a mararraba ya ga ɗayanmu, sai ya leƙo ya ce, “Kayan wa ke son kujera?” Ba a soke ƙa'ida ba, ba a yi taro ba, kowa ya san abin da ake yi, kowa ya kau da kai.

In na tuna yanzu dariya nake yi, amma akwai abin da ya zauna mini tun ranar. Duk wanda ya bar ni a bakin kwaltar nan tausayina yake ji. Ba wanda ya tambaye ni abin da nake so, ni kuwa abin da nake so bai wuce a karɓi kuɗina a ce in matsa ciki ba, kamar kowa. Har yau in na ga an yi wa irinmu wani tsari na alheri, abin da nake fara dubawa shi ne ko da wanda ya zauna da su kafin a yi.

Na yi shekaru a bencin nan, daga baya na buɗe shagona. Wata rana, gemuna ya riga ya yi fari, wani yaro ya jawo wani tsoho da sanda har ƙofar shagon. Baƙin tabarau ne a fuskarsa, amma yanzu ba na ado ba ne. Muryarsa na ji na gane shi. Ya kawo ƙaramin rediyo, ya ce shi ne abokin hirarsa tun da ido ya tafi. Muka gaisa, muka tuna shuɗiyar bas, muka yi dariya har da hawaye. Na gyara masa.

Da zai tashi ya laluba aljihu ya miƙo kuɗi. Yaran shagona suka yi ta yi mini alama da ido kada in karɓa. Shi ma kamar ya ji su, hannunsa ya tsaya a iska, ya ce a hankali, “Ba nawa ba ne. Na rediyon ne.”

Na karɓa. Na ba shi canjinsa, na ce ya gaida mai kujera.